Takardar tarar haraji ta iso ina aikin Hajji: shin ƙofar ɗaukaka ƙara ta rufe?

(An yi wannan tattaunawa a watan Agustan 2025; ƙa'idoji da adadin kuɗin da aka ambata na dokokin haraji ne kamar yadda suke a lokacin.)

Alhaji Mai Injin Shinkafa, Gombe:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masana shari'a da masu ilimin lissafin kuɗi da ke cikinmu. Ina da ƙaramin kamfani mai rajista da ke gyaran shinkafa a nan Gombe, kuma tun da aka ce ƙananan kamfanoni ba sa biyan harajin riba, ban shigar da bayanan shekarar 2022 da na 2023 ba. A ranar 12 ga Mayun 2025 aka kawo takarda daga hukumar haraji ta tarayya, mai gadi ya sa hannu ya karɓa, ya miƙa wa yaron da ke riƙe da littafin ciniki, shi kuma ya ajiye ta a aljihun tebur saboda ina ƙasa mai tsarki. Sai farkon Yuli na dawo na gan ta. An kintata wa kamfanin haraji na kusan naira miliyan 3, ga tara a kai, an kuma rubuta cewa ina da kwana 30 in bayyana rashin amincewata a rubuce. Na je ofishinsu, an karɓe ni da mutunci, an ce in tattaro takardun banki, kuma har yanzu da muke tsakiyar Agusta ina kan tattarawa. Shin akwai sauran hanyar ƙalubalantar wannan kuɗi, ko kuwa bakin alƙalami ya bushe?

Malam Ɗan Kasuwa, Tudun Hatsi:
Wa alaikumus salam Alhaji, barka da dawowa, Allah ya sa karɓaɓɓiya ce. A nawa ganin, tunda ka je ofis kun yi magana kuma su da kansu suka ce ka kawo takardu, ai magana tana nan a buɗe, babu abin da zai sa ka tayar da hankalinka. Ban da haka, an ce shugaban ƙasa ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, kuma ƙananan 'yan kasuwa irinmu za su sami sauƙi.

Barista, Bauchi:
Alhaji barka da dawowa. Malam, ka yi mini afuwa, domin dole in saɓa maka a kan abubuwan biyu da ka faɗa, kuma na farkon shi ne ramin da mutanenmu suka fi faɗawa. Zuwa ofis a yi magana da baki ba ya tsayar da wa'adin doka, ko da jami'in da aka gani mutumin kirki ne mai niyyar taimako. Abin da doka ta sani shi ne rubutacciyar takarda mai bayyana dalilan rashin amincewa, wadda aka kai cikin kwana 30 daga ranar da aka isar da takardar kintacen, ba daga ranar da mai kamfani ya karanta ta ba. Ga yadda lissafin Alhaji yake. Dokar fassarar dokoki ta ce ba a ƙirga ranar da abin ya faru, saboda haka 13 ga Mayu ce rana ta farko, kuma kwana na 30 ya faɗa a ranar Laraba 11 ga Yuni. Da a ce an kawo takardar a ranar 13 ga Mayu, da wa'adin ya faɗa 12 ga Yuni, wadda ranar hutu ce ta dimokuraɗiyya, sai ya zarce zuwa washegari. Lahadi da ranakun hutun gwamnati ne kawai suke samun wannan rangwame idan wa'adi ya ƙare a kansu.

Amma ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba. Dokar da ta kafa hukumar tara haraji ta tarayya a 2007 ita ce ta kafa kotun ɗaukaka ƙarar haraji, kuma a jadawalinta na biyar an ce duk wanda bai gamsu da kintace ko takardar neman biya ba yana iya ɗaukaka ƙara cikin kwana 30. A nan ne kuma aka ƙara da cewa kotun tana iya sauraron ƙarar da aka kawo bayan wa'adi idan ta gamsu akwai isasshen dalilin jinkirin. Wanda bai yi ko ɗaya ba, kintacen ya zama tabbatacce a kansa, kuma hukuma na da ikon ta bi kuɗinta har da tara da kuɗin ruwa. Reshen kotun na shiyyar Arewa maso Gabas a nan Bauchi yake zama, shi ne ke karɓar ƙararrakin Gombe, Adamawa, Taraba, Yobe da Borno, don haka Alhaji ba sai ya je Abuja ba.

Game da sababbin dokoki, gaskiya ne an sa musu hannu a ranar 26 ga Yunin 2025, amma an tsara su fara aiki ne a watan Janairun 2026. Takardar da ke hannun Alhaji a ƙarƙashin tsohuwar doka aka rubuta ta.

Alhaji Mai Injin Shinkafa, Gombe:
Na gode Barista, Allah ya saka da alheri. Idan haka ne ai ina da hujja mai ƙarfi, domin fasfo ɗina yana ɗauke da hatimin fita da na shigowa, kuma babu wanda zai ce aikin Hajji ba uzuri ba ne.

Barista, Bauchi:
Ranka ya daɗe, fasfo hujja ce mai kyau, amma rabin hanya kawai za ta kai ka. Akwai tambayoyi biyu da nake da yaƙinin lauyan hukuma zai jefo maka. Ta farko, ba sunanka aka rubuta a takardar ba, sunan kamfani aka rubuta, kuma a idon doka kamfani mutum ne mai zaman kansa wanda bai tafi Makka ba. Za a tambaye ka ko akwai wani darakta ko manaja da ka bar wa riƙo, da kuma dalilin da ya hana shi buɗe takardar ko ya kira ka a waya. Idan kai kaɗai ke gudanar da komai, sai a faɗi haka ɓaro-ɓaro, kuma yaron da ya ajiye takardar ya yi tasa takardar rantsuwar. Tambaya ta biyu ta fi nauyi: fasfo zai yi bayanin watan Mayu da Yuni, to me zai yi bayanin lokacin da ya wuce daga farkon Yuli zuwa yau? Ka ga takardar, ka san abin da ke cikinta, kuma wani kwana 30 ɗin ya sake wucewa ba ka rubuta komai ba. Mai neman ƙarin lokaci alfarma yake nema, ba haƙƙi ba, kuma al'adar kotuna ita ce su so a yi musu bayanin jinkirin daga farkonsa har ƙarshensa ba tare da an bar giɓi ba. Duk makon da ya ƙaru daga yanzu yana rage ƙarfin uzurin Hajjin.

Hajiya Mai Makaranta, Jekadafari:
Sallama gare ku baki ɗaya. Ni dai wannan tsari bai kwanta mini ba, kuma zan faɗi dalilina. Takardun nan da Turanci ake rubuta su, Turancin ma na lauyoyi, sannan a danƙa su a hannun mai gadi wanda bai san bambancinsu da takardar kuɗin wuta ba. Ɗan kasuwar da ke tafiya Kumo ko Bajoga ko Dukku sayen kaya yana iya yin makonni bai zauna a tebur ba. Ita hukuma an ba ta shekaru ta waiwayo ta binciki littattafan mutum, shi kuma an ba shi wata ɗaya tak ya kare kansa. Ina adalci a nan? Ni makaranta nake riƙe da ita, harajin albashin malamai nake cirewa ina kai wa jiha, kuma na san yadda ranar 10 ga wata take riskar mutum alhali iyayen yara ba su gama biyan kuɗin makaranta ba.

Baba Tsohon Jami'in Haraji, Azare:
Hajiya, maganarki tana da ƙamshin gaskiya a wajen harshe, kuma ni ma ina ganin ya kamata a riƙa manna taƙaitaccen bayani da Hausa a kan irin waɗannan takardu, musamman layin da ya ambaci wa'adi. Amma ki ba ni dama in faɗi yadda abin yake daga ɗaya ɓangaren teburin, tunda na yi aikin har na yi ritaya. Idan babu ranar da kintace zai zama tabbatacce, babu gwamnatin da za ta san abin da take bi bashi, kuma masu ƙarfi su ne za su fi cin moriyar haka, domin su ke da lauyoyin da za su riƙa tayar da tsofaffin fayiloli duk lokacin da aka matsa musu. Shekarun da kika ambata kuma iyaka ce a kan hukuma, ba kyauta ba ce gare ta. Doka ta ce shekara shida ce hukuma za ta iya komawa baya ta yi kintace ko ta ƙara a kan wanda ta yi, sai fa idan akwai zamba ko ƙin biya da gangan ko sakaci, wanda a nan ne iyakar take faɗuwa. Ke nan wa'adi yana cin kowa, mai karɓa da mai biya.

Akwai kuma abin da nake so Alhaji ya duba kafin ya kashe kuɗin mota zuwa Bauchi. Dokar kuɗi ta 2019 ta yafe harajin riba ga kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba, ta sa kashi 20 cikin ɗari ga wanda ke tsakanin miliyan 25 da miliyan 100, sannan kashi 30 ga wanda ya haura. Ciniki ake nufi, wato duk kuɗin da ya shigo ta hanyar sana'ar, ba ribar da ta rage bayan an cire kuɗin gas da na ma'aikata ba. Idan Alhaji ladan gyara kawai yake karɓa daga masu kawo shinkafarsu, yana iya zama ƙasa da iyakar. Idan kuwa yana sayen shanshera ya gyara ya sayar da buhuna, to da farashin da shinkafa ta yi a 2023 ba ya buƙatar manyan motoci da yawa kafin ya haura miliyan 25. Na ga mutane da dama da suka zo da rantsuwa cewa su ƙananan kamfanoni ne, sai takardar bankinsu ta ƙaryata su. Yafewar ma ba ta ɗauke wajibcin shigar da bayanan shekara ba, dokar ta faɗi haka ƙarara. Wanda kuma bai shigar ba, shi ya ba hukuma ikon ta kintata masa gwargwadon abin da ta ga ya dace.

Hajiya Mai Makaranta, Jekadafari:
Baba, Allah ya ƙara girma, na ji bayaninka, amma shekara shida da wata ɗaya ba su zama daidai ba ko ta wace fuska aka duba. Na yarda dole a sami wa'adi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fara ƙirga shi daga sa hannun mai gadi.

Baba Tsohon Jami'in Haraji, Azare:
'Yata, idan aka ce sai ranar da mai kamfani ya karanta da idonsa, to babu wanda zai taɓa karantawa. Adireshin da kamfani ya bayar da kansa wajen rajista shi ne inda doka ta ce a kai masa takarda, kuma haƙƙinsa ne ya ajiye wanda zai kula da abin da ya shigo. Shi ya sa aka bar wa kotu ikon duba uzuri ɗaya bayan ɗaya, maimakon a buɗe wa kowa.

Malam Akanta, Gombe:
Ina so in raba kuɗin nan gida biyu, domin ana ta magana kamar abu ɗaya ne. Akwai tarar rashin shigar da bayanai, akwai kuma harajin da aka kintata. Kamfanin da shekararsa ke ƙarewa a 31 ga Disamba yana da wata shida, wato zuwa 30 ga Yuni, ya shigar da bayanansa. Tarar jinkiri a dokar da ke aiki a 2025 naira 25,000 ce a watan farko, sannan naira 5,000 a kowane watan da ya biyo baya. Idan haka shekarar Alhaji take, bayanan 2022 sun makara tun Yulin 2023, na 2023 kuma tun Yulin 2024, kuma a lissafina zuwa watan Mayun bana tarar biyun ta kai wajen naira 210,000. Wannan ɓangare babu abin jayayya a cikinsa, tunda Alhaji da bakinsa ya ce bai shigar ba, kuma rashin sanin doka ba ya cikin uzurin da ake karɓa. Abin da ya fi damuna shi ne babu wanda ya ambaci bayanan 2024, waɗanda wa'adinsu ya cika a 30 ga Yunin bana. Idan su ma ba a shigar ba, tara ta uku ta riga ta fara ƙirguwa, kuma dukkansu ukun suna ƙaruwa kowane wata har ranar da aka shigar.

Shawarata ita ce a bar maganar kotu tukuna. A gyara littattafai, a shigar da bayanan shekaru ukun ta manhajar hukumar haraji mai suna TaxPro-Max, a biya abin da babu gardama a kansa, sannan a rubuta takardar roƙon a sake duba kintacen a kuma sassauta tara, domin doka ta ba hukuma ikon yafe ƙarin da ake ɗorawa saboda jinkirin biya idan an nuna dalili mai kyau. An kuma sha buɗe ƙofar afuwa ga kowa, kamar shirin VAIDS na bayyana dukiya da kuɗin shiga don raɗin kai, da aka fara a Yulin 2017 aka rufe a ƙarshen Yunin 2018. Kuɗin lauya da zirga-zirga tsakanin Gombe da Bauchi suna iya cinye abin da ake son cetowa.

Barista, Bauchi:
Malam Akanta, na yarda da kai a kan shigar da bayanai da biyan abin da ba a jayayya a kansa, kuma ya kamata a yi su a wannan makon. Inda muka rabu shi ne cewa a bar kotu tukuna. Takardar roƙo ba ta tsayar da komai, kuma amsarta tana hannun wanda aka roƙa: yana iya amsawa bayan wata uku, yana iya cewa kintacen ya riga ya tabbata. Idan haka ta faru a watan Nuwamba, da wane baki Alhaji zai yi wa kotu bayanin jinkirin wata biyar? Don tarar naira 210,000 ni ma ba zan ce a je kotu ba. Amma naira miliyan 3 da ake nema daga kamfanin da watakila ba a bin sa ko kwabo na harajin riba, wannan ya isa a kare shi. A yi biyun a lokaci guda: a shigar da takardar ɗaukaka ƙara tare da buƙatar ƙarin lokaci da takardar rantsuwa, a kuma ci gaba da tattaunawa da hukuma. Idan an daidaita, sai a kai wa kotu sharuɗɗan sulhun ta amince da su, babu abin da aka rasa.

Batun tsada kuma, wannan kotu ba kamar sauran ba ce. Doka ta yarda akanta mai lasisi ya tsaya wa mai ƙara, ba lallai sai lauya ba, kuma ƙa'idojinta na 2021 sun ba da damar shigar da takardu ta intanet da kuma zama ta bidiyo. Sai dai a sani cewa nauyin tabbatar da cewa kintacen ya yi yawa yana kan mai ƙara ne, don haka takardun bankin da Alhaji ke tattarawa za su yi amfani a can ma.

Malam Ɗan Kasuwa, Tudun Hatsi:
Barista, na ji an ce sai mutum ya ajiye rabin kuɗin da ake jayayya a kai kafin a saurare shi. Idan haka ne, ai talaka ba shi da wurin zuwa.

Barista, Bauchi:
Ƙa'idojin 2021 sun zo da wannan sharaɗi na ajiye kashi 50 cikin ɗari, amma a 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta soke shi bisa hujjar cewa ya ci karo da 'yancin sauraron kowa da tsarin mulki ya tanada. Duk da haka, wanda zai shigar da ƙara ya fara tuntuɓar magatakardan kotun a Bauchi ya ji abin da ake buƙata a rubuce kafin ya taho. A kuma lura cewa wa'adi bai ƙare a nan ba: wanda hukuncin kotun harajin bai yi masa daɗi ba yana da wani kwana 30 ɗin ya ɗaukaka zuwa Babbar Kotun Tarayya, kuma a kan batun fassarar doka kawai. Hajiya, ke ma wannan kotu ta shafe ki, domin tun gyaran da aka yi wa dokar harajin ɗaiɗaikun mutane a 2011, saɓani a kan harajin albashi da jihohi ke karɓa nan ake kawo shi.

Malam Akanta, Gombe:
Ban ja da kai ba a kan haɗarin jira, Barista, sai dai ina da sharaɗi guda. Kada a shigar da ƙara kafin an zauna an duba takardun bankin 2022 da 2023, ko da kwana biyu ne za a ɗauka, saboda abin da Baba ya faɗa. Idan cinikin ya haura miliyan 25, to hujjar ƙarar ta canza daga "ba a bin mu komai" zuwa "an ƙiyasta fiye da kima", kuma rantsuwar da aka yi a kan ta farko za ta zame wa Alhaji matsala. Ina kuma tunatar da jama'a cewa sabuwar dokar da aka tsara ta fara aiki a Janairun 2026 ta ɗaga tarar rashin shigar da bayanai zuwa naira 100,000 a watan farko da naira 50,000 a kowane watan da ya biyo baya. Duk mai kamfanin da ya yi rajista ya ajiye takarda a akwati yana ganin ba ya ciniki, gara ya gyara kafin ƙarshen shekara.

Alhaji Mai Injin Shinkafa, Gombe:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Amsar tambayar Baba ita ce ladan gyara ne mafi yawan abin da muke samu, amma a ƙarshen 2023 na sayi shanshera na gyara na sayar, kuma kuɗin ta asusun kamfani suka bi. Ban san ko sun kai mu iyakar ba sai an lissafa. Darakta na biyu a takardar rajista ƙanena ne, yana zaune a Kano, bai taɓa shiga harkar injin ba. Bayanan 2024 kuwa ba a shigar ba. Malam Akanta, idan ba damuwa zan kawo maka takardun bankin gobe bayan sallar azahar.

Barista, Bauchi:
Alhaji, idan za ka je wajen Malam Akanta ka tafi da ambulan ɗin da takardar ta zo a ciki da kwafin shafin da mai gadi ya sa wa hannu, idan za a samu, domin ranar da ke jikinsu ita ce tushen duk lissafin. Ka kuma tuna ranakun da ka je ofis da abin da aka ce ka kawo, ka rubuta su a jere, saboda da su za a yi bayanin watan Yuli da Agusta a takardar rantsuwa. Batun ƙanenka ma dole a ambace shi a ciki, a bayyana cewa a Kano yake zaune kuma ba ya gudanar da kamfanin, tun kafin ɗaya ɓangaren ya fito da sunansa daga takardar rajista.

Hajiya Mai Makaranta, Jekadafari:
Barista, kafin a tashi, ina da tambaya a kan nawa ɓangaren. Idan takarda ta zo makaranta lokacin dogon hutu, babu kowa sai mai gadi, shin rufe makaranta yana shiga cikin isasshen dalilin da ka ambata, ko shi ma za a ce da na ajiye wani a ofis?